Sayen monitan buga gem da kuɗi kaɗan: a fara duba injin da ke ɗaki

Wata Asabar da hantsi ɗan yayata ya shigo gidana a Kano riƙe da waya, tun daga zaure ake jin murna a sallamarsa. Wata takwas ya yi yana tara abin da yake samu a shagon ɗinki bayan ya taso daga makaranta, kuma ya riga ya ga abin da zai zuba kuɗin a kai. Ya miƙo mini hoton wani monita da ya ɗauka a wani shago a titin Beirut: inci 27, lanƙwasasshe kamar baka, a jikin kwalin an rangaɗa 165Hz da 1ms da HDR da manyan baƙaƙe.

"Kawu, wannan nake so. Mai shagon ya ce duk layin babu irinsa."

Na ce, "Madalla. Da me za ka haɗa shi?"

Ya ce da PS4 ɗinsa da ya saya na hannu bara. Na tambaye shi gem ɗin da yake bugawa. Ya ce ƙwallo mana, sai GTA idan abokai ba su zo ba. Nan na ce ya samu wuri ya zauna, domin kuɗin gumin wata takwas na shirin tafiya a kan abin da idonsa ba zai taɓa gani ba.

PS4, wanda kamfanin Sony ya fitar a 2013, ba ya turo wa allo fiye da hoto 60 a cikin sakan ɗaya, ko da wane irin allo aka haɗa shi. Gem ɗin ƙwallo a kan 60 ɗin yake tafiya, GTA V kuwa a kan 30 yake a wannan injin. Wato cikin 165 ɗin da yaron zai biya, 105 za su kwanta ne suna barci har ranar da monitan zai tsufa. Monita ba ya ƙirƙirar hoto, karɓa kawai yake yi. Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san cewa komai faɗin robar da ya tara a bakin inji, garin da injin ya zubo shi zai ɗauka ya kai gida. Saboda haka mai ƙaramin aljihu, kafin ya taka ƙafa zuwa kasuwa, injin da ke ɗakinsa zai fara tambaya, sannan wutar unguwarsu, daga baya ya waiwayi rubutun kwali.

Lambar nan ta Hz da ake ta tinƙaho da ita, ma'anarta sau nawa allo ke sabunta hotonsa a sakan guda. Mai 60Hz yana canja hoto duk bayan milisakan 16.7, mai 120Hz bayan 8.3, mai 144Hz bayan 6.9, mai 240Hz kuwa bayan 4.2. Milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Idan aka lura, tsallake daga 60 zuwa 144 ya rage kusan milisakan 10, amma daga 144 zuwa 240 bai rage ko 3 ba. A tsallaken farko ne ribar take. Wanda ya saba da 60, ranar da ya fara juya linzami a kan 144 zai ji bambancin a hannunsa tun kafin ya iya bayyana shi da baki: motsi ya yi sumul, abokin gaba da ya gifta da gudu ana ganinsa sarai maimakon ya zama inuwa. Wannan gaskiya ne, kuma ba na cikin masu cewa duk talla ce. Sharaɗin dai shi ne injin ya iya haifar da hotuna 144 ɗin a sakan, gem ɗin kuma ya yarda a kai shi can.

Ga wanda yake da PS5, wanda ya fito a Nuwamban 2020, ko Xbox Series S, lissafin ya canja. Waɗannan suna iya fitar da 120 a gem ɗin da aka tsara don haka, irin su Fortnite da Call of Duty. Amma ko a nan, gem ɗin faɗa irin su Tekken da Street Fighter da Mortal Kombat a kan 60 aka ɗaure su da gangan, domin da ƙidayar hoto ake auna kowane naushi da kowace kariya. Ƙwallo ma, wadda ita ce abincin yawancin samarinmu, ko FIFA da ta koma EA Sports FC a 2023, ko PES da ta koma eFootball a 2021, a kan 60 ake buga ta a waɗannan injinan. Mutumin da rayuwarsa ta gem ƙwallo ce da faɗa, monita mai 60 ko 75 ya ishe shi, ragowar kuɗin ya sayi fad, wato abin da ake riƙewa a buga gem, na biyu mai kyau.

Masu kwamfuta su ne abin ya fi ruɗawa. Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibanmu na ofis ne da aka shigo da su na hannu, ba su da katin girafik na daban, da ɗan abin da Intel ya haɗa a cikin ƙwaƙwalwar suke fitar da hoto. Irin wannan laftof idan aka ɗora mata gem mai nauyi, da ƙyar take kai 30, tana huci kamar ta hau dutse. Saya mata monita mai 165Hz daidai yake da ɗinka wa jariri babbar riga. Wanda kuma ya haɗa kwamfutar tebur da kati irin GTX 1650 ko GTX 1060 ko RX 580, zai iya wuce 100 a gem marasa nauyi kamar Valorant, a nan 144Hz ya biya kuɗinsa. Hanyar sani ba ta cin ko kwabo: a kunna ma'aunin hotuna da ke cikin gem ɗin ko cikin manhajar gem ta Steam, a buga na rabin awa a kan allon da ake da shi yanzu bayan an cire takunkumin da ke tsayar da hoto a 60, a ga lambar da take yawan tsayawa a kai. Wannan lambar ita za a riƙe a tafi kasuwa da ita.

Daga nan sai girma da yawan ɗigo. Kowane hoto a allo tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira piksel. Wanda ake ce wa 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimla miliyan 2 da 'yan kai. Mai 1440p yana da kusan miliyan 3.7, mai 4K kuwa kusan miliyan 8.3, ninki huɗu na 1080p cif. Duk ɗigon nan katin girafik ne zai zana shi, sau 60 ko sau 144 a kowane sakan. Ƙarin ɗigo ƙarin kaya ne a kan jaki ɗaya, kuma saurin tafiya ne zai biya. Shi ya sa har yau, a ƙididdigar da Steam ke fitarwa duk wata, 1080p ne allon da masu buga gem a kwamfuta suka fi amfani da shi a duniya, har da ƙasashen da kuɗinsu ya fi namu auki.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne son babba. Muna da wannan ɗabi'ar, idan kuɗi ɗaya zai sayi inci 24 ko inci 32, ido kan tafi ga babban. Amma ɗigo miliyan 2 ɗin nan su ne dai za a shimfiɗa, ko allon ƙarami ne ko babba. A inci 24, kowane inci yana samun ɗigo wajen 92. A inci 27 sun ragu zuwa 82, a inci 32 sun koma 69. Man shanu cokali ɗaya ne, an shafa shi a kan burodi mai faɗi. Wanda zai zauna a tebur, tsakaninsa da allo tsawon hannu, a inci 32 mai 1080p zai riƙa ganin gefen rubutu da fuskokin 'yan wasa suna da haƙora-haƙora, kuma sai ya riƙa juya wuya kafin ya ga taswirar da ke kusurwa. Ni a ganina inci 24 mai 1080p shi ne mazaunin mai ƙaramin ƙarfi. Inci 27 yana kyau ne da 1440p, inda ɗigon ke kai 109 a inci, amma wannan sai mai kati irin RTX 3060 zuwa sama, ko mai PS5, wanda Sony ya buɗe masa 1440p a Satumban 2022.

Abin da kwali bai cika ɗaga murya a kansa ba, alhali shi ido zai zauna da shi shekara da shekaru, shi ne irin gilashin allon. Iri uku ne ke yawo a kasuwar masu araha: TN da VA da IPS. TN shi ne tsohon hannu, yana da sauri da araha, amma launinsa a koɗe yake, kuma da ka ɗan sunkuya ko ka matsa gefe sai hoton ya dushe ko ya juye. A ɗakin da mutum uku ke zaune a kan katifa ɗaya, biyu na bugawa ɗaya na jiran layi, na gefen ba zai ga abin kirki ba. VA yana da baƙi mai zurfi, bambancin haskensa da duhunsa yakan kai 3000 bisa 1, inda IPS ke tsayawa wajen 1000 bisa 1, don haka fim da dare a kansa akwai daɗi. Aibinsa, musamman a masu araha, shi ne jan ƙafa a wurare masu duhu: idan ka juya kyamara a cikin kogo ko lungu da dare, baƙin yakan bar sawu a baya kamar an shafa gawayi da hannu. Yawancin lanƙwasassun monitocin da ke ɗaukar idon samari VA ne. IPS kuwa launinsa tsayayye ne ta kowane gefe aka kalle shi, baƙinsa ne dai ke ɗan yin toka-toka a ɗaki mai duhu. Da can IPS na masu hali ne, amma tun wajen 2019, lokacin da irin su AOC 24G2 suka fito da inci 24 da 144Hz a farashi mai sauƙi, ya sauko inda talaka zai iya miƙa hannu. Idan aka ce in zaɓa wa wanda ban san ɗakinsa ba, IPS zan ce. Kuma akwai dalilin da iyaye za su so ji: allon da ke nuna launi daidai da rubutu tsaf shi ne kuma zai yi wa yaro aikin makaranta, ya koyi zanen katin biki da fasta, ya koyi rubuta manhaja. Da yawa daga cikin masu cin abinci da kwamfuta yau ta ƙofar gem suka shigo.

Game da 1ms ɗin da ke kwali, a bi shi a hankali. Lambar tana nufin lokacin da ɗigo ke ɗauka kafin ya canja launi, amma kamfanoni suna auna ta ne a yanayin da ya fi yi musu daɗi. Wasu suna ƙure wani saiti da ke tunkuɗa ɗigon da ƙarfi, wanda idan ka kunna shi a gida sai ka ga wani farin zobe yana bin duk abin da ke motsi. Wasu kuma 1ms ɗinsu na wani ma'auni ne dabam mai suna MPRT, wanda sai an kunna ƙyaftawar fitilar baya ake samunsa, allon ya rage haske, wasu mutanen har kansu ya yi ciwo. Monita mai gaskiyar milisakan 4 ko 5 ya wadatar, kuma saitin tunkuɗar nan a bar shi a tsakiya.

Akwai kuma wata kalma ƙarama a kwali da ta fi 1ms amfani nesa ba kusa ba, ita ce FreeSync. Injin mai ƙaramin ƙarfi ba ya tafiya da sauri ɗaya. Yanzu yana 90, da an yi fashewa a gem ya faɗo 55. Idan allo ya kafe a kan nasa bugun, sai hoton ya riƙa tsagewa a tsakiya, sama ta riga ƙasa. Kamfanin Nvidia ya fara magance wannan da G-Sync a 2013, amma da wata na'ura mai tsada a cikin monitan. AMD ya biyo da FreeSync a 2015 ba tare da wannan ƙarin kuɗin ba, sannan a Janairun 2019 Nvidia ya buɗe wa katunansa, daga jerin GTX 10 zuwa sama, su yi aiki da monitocin FreeSync ta ƙofar DisplayPort. Abin da fasahar ke yi shi ne ta sa allo ya jira inji, ya sabunta hoto daidai lokacin da hoton ya iso. Mai kati mai rauni shi ya fi kowa cin moriyarta. Xbox yana aiki da FreeSync. PS5 kuwa nasa tsarin na HDMI 2.1 ne, wanda ba kowane monita mai araha ke da shi ba, PS4 kuma ba ruwansa da ko ɗaya.

Wannan ya kawo mu bayan monita, inda ƙofofin suke, wurin da mai saye ba ya cika leƙawa. PS da Xbox HDMI kawai suke da shi. Akwai tsofaffin monitoci masu 144Hz da ba sa bayar da wannan saurin sai ta DisplayPort ko DVI, idan ka shiga ta HDMI a 60 za su tsaya. Akwai kuma na ofis masu VGA kaɗai, shuɗiyar ƙofar nan mai ramuka 15 da IBM ya fito da ita tun 1987. Haɗa PS da ita sai da ɗan akwatin juyi, hoton ya ragu, sauti ya zama wata rigimar, wani lokacin ma allon ya ƙi kawo komai. Kada araha ta ja mutum can. Kebul ɗin ma a sa ido, domin siririn kebul mai araha yakan sa hoto ya riƙa ɗaukewa idan aka ɗaga sauri. Kuma bayan an kai gida an haɗa, sai an shiga saitin allo a Windows an zaɓi 144 da hannu. Na sha zuwa ɗakin saurayi yana yaba sabon monitansa, in duba in tarar wata shida yana kan 60 bai sani ba.

HDR a monita mai araha suna ne kawai; ƙaramin matakin da ake kira DisplayHDR 400 ba ya buƙatar allon ya iya dushe wani sashe ya haska wani, kuma a nan ne daɗin HDR yake. Lanƙwasa a inci 24 ko 27 ado ce. Fitilu masu launi a baya bango suke haskawa. Lasifika kuwa da yawa ba su da ita, masu ita ma muryarta siririya ce, don haka a duba ko akwai ramin iyafis a jiki, ko da yake fad ɗin PS4 da na PS5 duk suna da nasu.

Wani zai ce, to me ya hana a sayi talabijin kawai a huta? Tambaya ce mai kyau, kuma a wasu gidajen amsar ita ce a saya. Gidajen gem na unguwa da talabijin suke aiki saboda dalili: mutum huɗu a kan benci, 'yan kallo a tsaye a baya, ana ihu idan an ci, wannan sai allo mai faɗi. Idan abin na taro ne, kuma iyali za su kalli labarai da fim a kai, talabijin mai inci 32 ko 43 ya fi dacewa. Sai dai a shiga saiti a kunna yanayin gem, domin talabijin yakan tsaya yi wa hoto kwalliya kafin ya nuna shi, jinkirin da ke sa ka danna fas ɗan wasan ya amsa a makare. Wanda kuma shi kaɗai ne a tebur, ga karatu ga gem, monita ya fi masa, kuma akwai dalilin da ya fi duk waɗannan nauyi a ƙasarmu, wato wuta.

Masu rubuta sharhin monita a Turai da Amurka ba su cika kawo zancen wuta ba, don ba ta cikin damuwarsu. Mu kuwa da ita muke kwana muke tashi. Monita mai inci 24 yakan ci wat 20 zuwa 30, talabijin mai inci 43 yakan ci ninki biyu ko uku na haka. A ɗauki batirin sola mai bolt 12 da amfiya 100, irin na ruwa. A takarda yana riƙe wat-awa 1200, amma mai son ya daɗe ba ya zuƙe fiye da rabi, saura 600. Idan injin gem yana cin wat 100, aka haɗa shi da monita mai 25, an samu kusan awa biyar. Aka haɗa shi da talabijin mai 75, an dawo awa uku da rabi, tun ba a cire abin da inbata ke ci ba. PS5 shi kaɗai yakan kai wajen wat 200 idan gem ya yi zafi. Masu mita ma, tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa sama da naira 200 a yunit a Afrilun 2024, sun fara lissafin abin da da ba sa lissafawa.

Cin wutar ma da sauƙi a kan dawowarta. Shekarun baya na yi asarar wani monita da nake ji da shi. An ɗauke wuta da magariba, na bar shi a jone na fita masallaci, aka dawo da ita da ƙarfi ina waje. Da na shigo ɗakin yana warin ƙonannen roba. Washegari mai gyara ya kwance bayan, ya nuna mini da bakin sukudireba wasu 'yan gwangwanaye biyu a kan faifan wutar, kawunansu sun kumbura, ɗaya ya tsage ya zubo wani abu ruwan ƙasa. Ya ce, "Alhaji, gilashin lafiya lau yake, wuta ce ta shigo ta nan." An gyara, amma bai ƙara komawa daidai ba. Tun daga ranar, duk wanda ya nemi shawarata, ina ce masa ya ware kuɗin kariya tun kafin ya san nawa ya rage na monitan: ko stabilaiza, ko UPS, ko aƙalla ɗan akwatin nan da ake maƙala wa firij da talabijin, mai riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an kawo kafin ya sake ta. Yawancin monitoci suna karɓar bolt 100 zuwa 240, don haka raunin wuta bai cika kashe su ba, tsallen da take yi ne ke kisa, musamman lokacin da ake juyawa daga janareta. Monita mai adafta a waje yana da wata fa'ida a nan, idan wuta ta yi ɓarna sau da yawa adaftar ce ke tafiya, a sayi wata. Amma a tabbata bolt ɗinta ya yi daidai da abin da aka rubuta a bayan allon, domin akwai masu 12, akwai masu 14, akwai masu 19, kuma na hannu sukan zo da adaftar da ba tasu ba. Zafi da ƙura ma abokan gaba ne. Yawancin kamfanoni digiri 40 suke sa wa a matsayin iyaka, kuma a watan Afrilu ɗakin kwano a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana kaiwa can. A bar tazara tsakaninsa da bango, a rufa masa ƙyalle da hunturu idan an kashe, kada a rufe shi yana kunne.

Sabo ko na hannu? Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk kayan da ake shigowa da su suka bi ta, sabon monita a kwali ya yi wa ɗalibi nisa. Shi ya sa ban ambaci farashi ba, na yau ba ya kai gobe. Abin da ke cike shagunan titin Beirut da Farm Center, da Computer Village ta Ikeja inda da yawa ke saro kaya, shi ne monitocin ofis na Dell da HP da Lenovo da kamfanonin Turai suka sauke. Kada a raina su. Irin Dell P2419H, inci 24 ne, IPS, 1080p, 60Hz, da HDMI da DisplayPort, ga ƙafa mai hawa da sauka da juyawa, wadda monitocin gem masu araha da yawa ba su da ita. Ga mai PS4 ko laftof ɗin ofis, wannan ya fi sabon da ba a san sunan kamfaninsa ba. Waɗanda za a guje wa su ne ƙanana masu inci 19 da ɗigo 1366 bisa 768, da tsofaffi masu kauri da fitilar kwan fulorasan a ciki, masu zafi da cin wuta, farinsu ya koma ruwan ɗorawa.

Amma na hannu sai da gwaji, kuma gwajin a gaban mai shago, kafin kuɗi su bar aljihu. Haka muka yi da ɗan yayata ranar Litinin. Ya saka PS4 ɗinsa da kebul a jakar makaranta, ni kuma na zuba hotuna biyar a filashi: fari zalla, baƙi zalla, ja, kore, shuɗi. Na farkon da aka jona mana a kan laftof ɗin shagon, a fari ya yi kyau, da muka sa ja sai ga wani ɗigo baƙi kamar ƙwayar gero kusa da tsakiya, wanda ba ya gyaruwa. Na biyun, da muka sa baƙi na roƙi yaron shagon ya kashe ƙwan da ke samanmu, sai ga haske yana ɓulɓulowa daga kusurwar ƙasa kamar an haska tocila ta bayan labule. Na ukun ya wuce duka biyar. Muka juya bayansa, muka karanta lambar samfurin da shekarar ƙira a jikin takardar, muka bincika lambar a waya don mu tabbatar abin da aka faɗa mana shi ne. Muka danna kowane maɓalli, muka gwada kowace ƙofa, sannan aka jona PS ɗin ya buga wasa biyu cur, domin wani allon sai ya ɗauki zafi na minti ashirin yake fara ƙyaftawa ko fitar da layi. Mai shagon ya ce, "Alhaji, kai dai ba ka sayen kaya a duhu." Na ce masa ya rubuta mana lambar jikin monitan a rasit, da kwanakin garantin da ya yi alkawari da baki, ya sa hannu. Ya rubuta. Wanda zai sayi mai 144Hz, sabo ko na hannu, ya ƙara da abu ɗaya: ya buɗe saitin Windows a nan shagon ya ga lambar da idonsa, ya buɗe shafin TestUFO ya ga ko saurin ya kai. Mai shagon da ya hana gwaji, a yi masa sallama a shiga na gaba.

Yaron ya koma gida da inci 24 mai IPS da 60Hz, da akwatin kariyar wuta, da sabon fad, kuma da sauran kuɗi a hannunsa da ya ce zai fara tarin PS5 da su. Ranar da ya kai ga sayensa, sai mu koma kasuwa neman mai 120Hz ta HDMI, wannan kuma ya zama na karatu.

Ga mai PS4 ko laftof marar kati, ya nemi inci 24, 1080p, IPS, mai HDMI, ko da na hannu ne, 60 ko 75 ya ishe shi. Mai PS5 ko Xbox Series S ko kwamfutar da ya auna ya ga tana wuce hoto 100 a sakan, ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai 144Hz da FreeSync a wannan girman, masu PS da Xbox dai su tabbata yana bayar da 120Hz ta HDMI. Kuma ɗan'uwa, ko wanne za ka saya, ka tafi da injinka da kebul ɗinka, kada ka biya sai ka gani a kunne.